Rigar da Goggo Ta Turara

Gidanmu ne kaɗai a layinmu na unguwar Sa'alaba a Jidda da ba a kunna turaren wuta da safe. Maƙwabta sun sani, har tsokanar Umma suke yi, wai mace guda 'yar Hausawan Sudan, wadda ta iya haɗa humra da sandal tun tana budurwa, ta zauna a ɗakin da ba ya ƙamshin komai sai sabulu. Umma takan yi murmushi ta ce dokar Malam ce. Sai ranar Alhamis da yamma, idan Baba ya tuɓe kayan aiki, gobe kuma Juma'a ba fita, sannan ake ɗauko kasko a zuba garwashi. Ko a ranar ma kakinsa na aiki ba ya kwana a ɗakin. Akwatinsa daban yake, a zaure, a rufe.

Baba yana aiki a filin jirgin sama na Kandara, ɓangaren kaya, ƙarƙashin wani kamfani mai loda jiragen dako. Aikinsa duba kayan da ke iya kama wuta, ko ƙona fata, ko kashe mutum ta numfashi, irin su gangunan fenti da ruwan batir da tukwanen gas da maganin fara. Kafin a ɗora kowace ganga a jirgi sai ya zagaya ta. Ya dubi murfi, ya bi ɗinkin ƙarfen da yatsa, ya ƙwanƙwasa, ya shafa gindinta da farin tsumma ya ga ko ya jiƙe. Daga ƙarshe ya durƙusa, ya kai hancinsa kusa da murfin, ya ja iska kaɗan. In ya gamsu sai ya ciro alli daga aljihu ya yi mata alama. Gangar da ba ta da allin Baba ba ta hawa jirgi.

Na taɓa jin yana yi wa kawuna bayani suna shan shayi. Ya ce idan jirgi ya yi sama iska tana raguwa, abin da ke cikin ganga sai ya riƙa turo murfi, ƙaramar kafar da ba ta ɗigo a ƙasa sai ta buɗe a can inda babu wurin tsayawa. Ya ce ido da tsumma suna kama yoyon da ya riga ya fito ne kawai, wanda bai kai ga fitowa ba hanci ne ke jin sa. Shi ya sa ba ya shafa turare, ba ya zama kusa da mai shan taba, ba ya yarda hayaƙin kasko ya taɓa rigarsa.

Sau ɗaya na gan shi a bakin aiki. Kawu direban tasi ne, ya biya da mu ta bayan filin, ya tsaya a jikin wayar shinge ya nuna mini wata rumfar kwano mai faɗi. Ga ganguna jere a rana, wasu da hoton harshen wuta, wasu da ƙoƙon kai da ƙasusuwa. Ga Baba a tsakaninsu, yana durƙusawa gaban kowacce kamar mai gaida manya, leburori suna tsaye suna jiran allinsa. Ina 'yar makaranta a lokacin, mai yawan kallon sama da haɗa baitoci a zuci, sai na ji kamar duk jiragen da ke ratsa saman Jidda da izinin mahaifina suke tashi.

Shekarar da nake ajin ƙarshe a makarantar horar da malamai mata, Goggo ta zo daga unguwar Kurayyat ta yi mana kwanaki, saboda ana gyaran rufin ɗakinta. Yayar Baba ce, ita ta goya shi a lungunan Balad, tsohon garin Jidda, ita kaɗai ce a duniya ke ce masa "kai yaro" ya amsa. Ba ta iya zama hannu sake. Wata ranar Lahadi ni ina makaranta, Umma ta tafi barkar haihuwa, Goggo ta kwashe wankin da ke kan igiya ta ninke, ta ga kabbasa a rataye, kwandon nan da ake kifawa a kan kasko a shimfiɗa tufafi su sha hayaƙi. Ta hura garwashi, ta buɗe kwalbar sandal ɗin Umma, ta turara komai. Har da rigar kakin Baba. Ta ninke ta da kyau ta mayar masa cikin akwatinsa na zaure.

Washegari da safe ina zuba shayi, Umma tana yanka burodin tamis, Baba ya shigo yana ɓalla maɓallan rigar. Ƙamshin sandal ya riga shi shigowa. Ya cika ɗakin har sai da ƙanwata ta ɗaga kai. Na ajiye buta ina jiran faɗa, domin na san abin da ya faru ranar da wani baƙo ya rungume shi da turare a jiki, sai da ya koma ya sake wanka. Baba ya zauna. Ya sa hannu a ful, dafaffen waken karin kumallonmu, ya ci, ya sha shayi, ya tambayi ƙanwata karatunta. Ya miƙe, ya taɓa aljihu ya tabbatar allinsa na nan, ya yi mana sallama ya fita.

Wuƙar tana hannun Umma, ba ta motsa ba. Na dube ta, ta dubi ƙofa.

"Umma, bai ji ba," na ce.

"Tashi ki shirya, za ki makara."

"Umma, ko daga bakin titi ana jin rigar nan."

"Na ce ki tashi."

Da na dawo da rana na same ta a madafa ita kaɗai. Ba ta bari na fara ba. Ta ce ta daɗe da zargi. Tun sanyin bara da wata ganga ta fashe a rumfar, ya dawo idanu jajur, hanci yana zuba kamar mai mura, ya yi kwanaki a haka. Murar ta tafi, amma tun daga nan shinkafa ta ƙone ya cinye bai ce komai ba, ya riƙa ƙara gishiri da barkono a miyar da ta ji komai. Ta riƙa ce wa kanta tsufa ne.

"To, ba za a gaya masa ba?" na ce.

"A gaya masa me? Kina tsammanin bai sani ba?" Ta rage murya. "Ki saurare ni, 'yar nan. Iƙamarmu a hannun wa take?"

Na san amsar. An haifi Baba a Balad, iyayensa sun zo aikin hajji da ƙafa suka zauna, amma takardar zama ɗan ƙasa ba ta taɓa samuwa ba. Iƙamarsa, wato izinin zamanmu, tana hannun kamfanin, su ne kafilinsa, wato masu tsaya masa a wurin hukuma, mu duka kuma a ƙarƙashinta muke. In aikin ya tafi, kafili ya tafi. Ƙasar da za a ce mu koma kuwa, ni a taswirar aji kawai na san ta.

"Halas, magana ta ƙare," in ji Umma. "Bakinki alaikum. Allah yana tsarewa."

Filin jirgin a tsakiyar gari yake a wancan zamani, duk jirgin da ya tashi sai mun ji shi a kwanukan gidanmu. Da can ina son ƙarar. Ina hawa soro bayan la'asar da sunan kwashe shanya, in tsaya in bi jirgi da ido har ya zama ɗan ɗigo a kan teku. Daga ranar nan sai ƙarar ta koma mini wani abu dabam. Ina kallon cikin jirgin, fari, mai nauyi, ina ganin ganguna a jere a duhu da allin Baba a jikinsu. Ina tunanin matuƙin, ko yana da 'ya kamar ni, ko ya ci abincin rana, ko ya san mutumin da ya durƙusa gaban kayan da ke bayansa bai ji komai ba. A aji malama tana karanta mana waƙa, jirgi ya wuce, in rasa inda aka tsaya. Ban faɗa wa kowa a makaranta ba. Na rame har ƙawata ta tambaye ni ko an yi mini miji ne ban so.

Ni 'yar fari ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba, "ke" yake cewa, ko "yarinyar nan", ni ma ban taɓa zama na dubi idonsa na yi masa doguwar magana ba. Ba a yi mana tarbiyya a kan 'ya ta gaya wa ubanta ya gaza ba. Don haka na je wurin Goggo, tana tsintar shinkafa a tsakar gida, na gaya mata abin da ta yi da abin da ya biyo baya.

Dariya ta fara yi. "Ashe ya shiryu! Shekara da shekaru ya hana baiwar Allah nan ƙamshi, kamar gidan makoki."

"Goggo, ba shiryuwa ba ce. Ba ya ji ne."

"Ke 'yar boko, komai sai kin mai da shi karatu."

"In ganga tana yoyo fa, ya sa mata alli, ta hau jirgi?"

Hannunta ya tsaya a cikin faranti. Sannan ta ce, "Uwarki ta ce me?"

"Ta ce iƙama."

"Ba ta yi ƙarya ba." Ta ture farantin. "Bar ni da shi."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna zaune duka, an gama cin abinci. Goggo ta ciro wani ɗan hankici daga lalitarta. Tun kafin ta warware shi na ji warin, kananzir ne na risho ta ɗiga masa. Ta miƙa wa Baba.

"Kai yaro, shinshina mini wannan. Wani ɗan Yaman ne a Balad ya ce mini sabon turare ne daga Indiya. Kar ya cuce ni."

Baba ya karɓa, ya kai hanci, ya lumshe ido kamar yadda na gan shi yana yi a gaban ganguna. Ya gyaɗa kai.

"Masha Allah. Yana da daɗi, Yaya. Ba mai ƙarfi ba ne."

Ƙanwata ta buɗe baki, Umma ta dafa mata gwiwa. Baba ya dubi Goggo, ya dubi Umma, ya sake duban hankicin, ya ga tabon mai a jikinsa. Ya ajiye shi a kan tabarma a hankali.

"Ku fita," ya ce da mu yara.

Mun fita, amma labule ne kawai tsakaninmu. Na ji Goggo tana cewa tun yaushe, ya ce ba ruwanta. Ta ce ita ta goya shi, ruwanta ne har ya shiga kabari. Ya ce yana da ido, yana da hannu, ya fi kowa sanin gangunan nan, yanzu yana shafa tsumma sau biyu, yana kallon ko ƙuda na guje wa murfi.

"Ƙuda!" in ji Goggo. "Rayukan mutane ka rataya wa ƙuda? Kai da bakinka ka ce wani yoyon hanci ne kawai ke jin sa."

"To in je in ce musu me, Yaya? In ce ku karɓi allinku, ku ba ni takardar fita? In kai yaran nan ina? Wa muka sani a can?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Amma ba ka ji tsoron Allah ba in ka ci gaba."

Ya fito ya wuce mu bai dubi kowa ba. Goggo ta koma Kurayyat washegari, tun rufin nata bai gama bushewa ba. Baba ya ci gaba da fita aiki. Gidan ya yi shiru irin na bayan rasuwa. Umma ta daina yi mini magana sai ta aike, ta san ni na kai zancen. Ni kuma ban daina hawa soro ba, ko da yake ba na son abin da nake gani.

Ana nan, wata ranar Talata ya dawo cin abincin rana kamar yadda ya saba idan akwai tazara tsakanin jirage. Umma ta dafa shinkafa da kifi. Ni ke zuba masa ruwan wanke hannu tun ina ƙarama, don haka na ɗauko buta da tasa na durƙusa a gabansa. Ya miƙo hannuwa. Sai wani wari ya bugi hancina, kamar tafarnuwar da ta ruɓe an haɗa ta da fetur, mai ɗaci har a maƙogwaro. Daga hannun rigarsa na dama yake fitowa, wajen gwiwar hannu, inda yake dogarawa a kan murfi idan zai durƙusa. Babu jiƙa, babu tabo. Warin ne kawai.

Ruwan ya ci gaba da zuba har tasar ta kusa cika. Na tuna Umma, na tuna iƙama, na tuna ban taɓa fara yi masa magana ba sai ya tambaye ni.

"Baba," na ce, "hannun rigarka yana wari."

Ya dube ni. Ina jin wannan ne karo na farko da muka haɗa ido tun da na girma.

"Warin me?"

"Kamar tafarnuwa da ta lalace. Yana yaji a maƙogwaro."

Ya kai hannun rigar hancinsa, ya ja iska da ƙarfi, ya sake ja. Na ga bai ji komai ba. Ya miƙa wa Umma, wadda ta fito da faranti. Ta sunkuya, ta yi saurin kawar da fuska tana tari.

"Maganin fara ne," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Na jirgin la'asar. Na sa musu alli duka."

"Ina za shi?" in ji Umma.

"Ƙetaren teku. Wajen mutanenku."

Umma ta ajiye farantin a ƙasa. Ba ta ce iƙama ba. Ta shiga ta ɗauko masa takalmansa ta ajiye a gabansa. Ya tuɓe rigar ya ce a jefa ta a bokiti kar kowa ya taɓa da hannu, ya zare allinsa, ya zura wata, ya fita da sauri yana ƙwala wa wata tasi kira a bakin layi, "Yalla, Kandara!"

Abincin ya huce a wurin. Da aka kira la'asar na hau soro, sai na ji takun Umma a bayana, ita da ba ta hawa saboda ciwon gwiwa. Muka tsaya a jikin katanga. Lokacin jirgin ya yi, sama shiru. Shirwa kawai ke shawagi a kan kasuwar kifi. Rana ta yi ƙasa, inuwar gidaje ta miƙe, har yanzu shiru. Umma tana jan carbi, ni ina riƙe da igiyar shanya har ta yi mini shaida a tafin hannu. Sai dab da magariba muka ji ƙarar, jirgin ya taso ta kan rufin gidaje, ya karkata ya nufi teku. Na bi shi da ido har ya ɓace. Umma ta dafa kafaɗata, ta jingina da ni muka sauko.

Bayan magariba Baba ya shigo. Ya zauna a zaure bai cire takalmi ba. Ya ce ya tarar an riga an loda rabin kayan, ya sa aka sauke. Ganga ɗaya ce, robar bakin murfinta ta tsage ta ciki, leburori suna matsowa suka fara toshe hanci. Mudir, wato manajansu, ya tambaye shi yadda ta wuce shi da safe, ya kuma tambaye shi yadda ya gane daga gida.

"Me ka ce masa, Malam?" in ji Umma.

"Na ce 'yata ce ta ji. Na ce ni na daɗe ba na ji." Ya juya aljihun rigarsa, babu komai sai farin gari. "Na ba shi allin."

Ba su kore shi a ranar ba. Sun bar shi ya ƙarasa wata yana zaune a bakin ƙofar rumfa, sannan suka ce ba su da wani gurbin, ya nemi wanda zai karɓi kafalarsa kafin iƙamar ta ƙare. Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Kullum ya sa farar riga ya fita, daga wannan ofis zuwa wancan shago, ya dawo ya ce an ce ya komo. Umma ta fara ɗaure kwanukan da ba ma amfani da su a buhu, ba ta ce don me ba, mu ma ba mu tambaya ba. Na gama makaranta ban san ko a wace ƙasa zan koyar ba. Goggo ce ta yi ta yawo a Balad da ƙafafunta masu kumburi, har wani tsohon mai shagon yadi, wanda suka yi wasan ƙasa tare da Baba, ya yarda ya zama kafilinsa. Aikin auna yadi ne da ninkewa. Baba ya karɓa ya gode.

Bai ƙara zancen filin jirgi ba. Amma na lura duk lokacin da jirgi ya wuce yakan dakata da abin da yake yi, ko cokali ne a hannunsa, har sai ƙarar ta mutu. Sau ɗaya ya ce da Goggo, ba jirgin Talatar nan ke damunsa ba, waɗanda suka tashi kafin shi ne, tun daga sanyin da gangar nan ta fashe. Ta ce ai duk sun sauka lafiya. Ya ce wannan ba aikinsa ba ne, rahamar Allah ce.

Ranar da zai fara zuwa shagon, da safe, ya ce da Umma ta kunna turarenta, yanzu babu dalilin hanawa. Ta ɗauko kasko. Ta zuba sandal ɗin nan dai da Goggo ta taɓa, hayaƙi ya tashi ya bi hasken taga. Ta kifa kabbasa ta shimfiɗa farar rigarsa a kai. Baba yana zaune a tsakiyar hayaƙin da kofin shayi a hannu. Ya juyo wajena.

"Ke, wanne ta sa?"

"Sandal ne, Baba."

"Yana da daɗi?"

Na ce yana da daɗi. Ya gyaɗa kai, ya karɓi rigar da ɗuminta ya sa, ya taɓa aljihu kamar yadda ya saba, ya fita. Umma ta ɗauki kaskon ta kai tsakar gida ta yayyafa masa ruwa, tun turaren bai ci rabi ba.